Gorunan da na fafe wa tsattsewa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa Amurka ba kuma gwiwata ba ta fara yi mini gardama ba, na yi wani aiki a garin nan da har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma. Matar ɗana ce ke riƙe da waya tana rubutawa, ni ina faɗa, don ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ko na yini ɗaya. Na gaya mata in ta rage mini magana, Allah na ganinta.

Ni ’yar gidan ƙwarya ce. A ƙauyenmu can ƙasar Maraɗi mahaifina gyartai ne, duk ƙwaryar da ta tsage a garin a hannunsa take warkewa. Mahaifiyata kuwa ita ke fafewa tana zane. Tun ban iya ɗaura zani ba na iya kwashe totuwa daga cikin gora. Da ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni Park Hill, wata unguwa a wani tsibiri na New York, sai na tarar da ƙasar da ba ta san ƙwarya ba. Roba a kicin, roba a banɗaki, ruwan sha ma a roba. Ƙwarya ɗaya ce tak a gidan, ta damun furata, wadda na zo da ita naɗe cikin zani. Mahaifiyata ce ta zana ta da hannunta, ta yi jawur don tsufa. Ɗana kan bi bas ya je St. George ya hau feri, jirgin fito, zuwa wurin teburinsa na sayar da kaya a Manhattan, matarsa ta tafi aiki, yara su tafi makaranta, ni kuma in zauna bakin taga ina kallon motoci kamar wadda aka ba gadinsu.

Ina da ƙawa a benen da ke ƙasa da namu, ’yar Kumasi, aikin kula da tsofaffi take yi. Turanci a bakinta kamar ruwa, amma Hausarta kowa "kai" ne, mace da namiji. Wata Asabar ta shigo ta same ni bakin tagar nan ta ce, "Hajiya, tashi. In ka ci gaba da zama nan za ka yi saiwa paa." Ta ja ni muka shiga bas har kudancin tsibirin, bakin teku, wai in sha iska.

Muna sauka muka ɗan taka, sai na ɗaga kai na ga abin da ya dasa ni wuri ɗaya. Dogayen sandunan ƙarfe, an rataya musu goruna farare tas, reras kamar ranar kasuwa! Ga wasu tsuntsaye baƙaƙe masu sheƙi, dangin tsattsewa, suna shawagi suna shiga suna fita, kukansu kamar ana tsiyayar ruwa daga buta.

Na ce, "’Yar Kumasi, goruna! Goruna a Amurka!"

Ban san lokacin da na bar ta a baya ba. Wani dattijon Bature mai malafa da wasu mata sun sauke sanda ɗaya da igiya suna leƙa ciki. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini, na kai hannu na ƙwanƙwasa gora ɗaya da yatsa. Kwas. Roba ce.

Na ce, "Kai, jama’a! Har tsuntsun ma roba kuka ba shi?"

Ƙawata ta iso tana haki ta fassara masa. Ya yi dariya har malafarsa ta karkace, sannan ya zauna ya yi mana bayani, tana juya mini. Ya ce tsattsewar nan ’yar ƙasa ce, nan aka haifi kakanninta. In sanyi ya gabato sai ta tafi ci-rani har Brazil, in ya wuce ta dawo. Kuma a wannan yanki ba ta yin sheƙa sai a gidan da mutum ya rataya mata, tun zamanin mutanen farko na ƙasar, waɗanda gora na gaskiya suke rataya mata. Matsalar ita ce wani tsuntsu da aka kawo daga Turai a jirgin ruwa tun da daɗewa, mai kama da shaya tamu. Shi ba ya zuwa ko’ina da sanyi, don haka yakan riga masu gida shiga, ya fasa ƙwai, ya jefo ’ya’ya waje. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakina, sai na sa masa Ɗan Ƙwace. Su kuma waɗannan mutane ’yan sa-kai ne, ba mai biyansu, duk mako suke zuwa tsaron gidajen.

Na ce, "Wato gayya. Amma ba ganga ba tuwo."

Ya ce ƙanwarsa ma can Ingila irin aikin take yi, sai dai su jan kurege suke karewa. Wai kuregen nan mai ruwan toka da ke satar burodi a bolar Park Hill, nan ɗan gida ne, amma can da aka kai shi sai ya zama shi ne Ɗan Ƙwace, ya kore jan daga dazukansa.

Maganar ta ɗan taɓa ni. Na ce wa ƙawata, "Tambaye shi. Ni ma a jirgi aka kawo ni."

Ta ce, "Hajiya, ka bar wannan."

Na ce, "Tambaye shi na ce."

Ya dube ni da kyau ya ce, "Mama, kin taɓa shiga gidan wani kin fasa masa ƙwai?"

Na ce, "Allah ya kiyaye!"

Ya ce, "To ke tamu ce."

Nan take na so mutumin. Kuma nan take bakina ya riga hankalina. Na ce a gaya masa baɗi war haka zan kawo wa tsuntsayensa gora na gaskiya, wanda ke numfashi, su san sun shiga gida. Ya ce yana jira. Ya laluba aljihu ya ba ni wani ɗan kwali mai tauri da aka huda masa rami kamar jinjirin wata, ya ce wannan ne awon ƙofa, in yanka daidai da shi. Na jefa a jaka ko kallon kirki ban yi masa ba.

A bayan ginin namu akwai lambun unguwa inda ake ba kowa ’yar kadada kamar tabarma. Wata ’yar Bangaladash ce ta ba ni dashen duma. Su cinye shi suke yi tun yana ɗanye, wai miya! Duman nan ya kama waya ya hau, ya zubo ’ya’ya kamar ya san an yi alkawari a kansa. Matar nan kullum tana zagaye ni da ’yar wuƙarta tana nuna mini da hannu wai zai tsufa ya lalace. Ni kuma in nuna mata da hannu cewa in ta taɓa, ni da ita ne. Ba mu da yare ɗaya amma mun fahimci juna sarai.

Da sanyi ya shigo na kwaso su na jera ƙarƙashin gado da gefen hita. Suka yi funfuna baƙi ƙirin. Wannan da ke rubutawa, ga ta nan tana dariya, ta yi ta cewa, "Inna, abin nan ya ruɓe, bari in fitar kafin mai gidan haya ya zo duba ɗaki." Na ce mata gora sai ya yi muni yake yin kyau. Wasu dai sun ruɓe da gaske, amma shida suka tsira. Ranar da na girgiza na farko na ji ’ya’yan ciki sun amsa, caka-caka, na tashi na taka rawa a falo da shi a hannu. Jikokina suka ɗauka na zautu.

Na kankare su, na wanke, na zauna fafewa. Sai na tuna da kwalin nan na ciro shi. Jama’a, ƙofar da ƙyar yatsuna biyu suke shiga! Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. A gidanmu tukunyar tantabara bakinta a buɗe yake wangam. Baƙo ya taso tun daga Brazil, ya keto teku da fukafukansa, sannan ka ce ya shiga gida yana rarrafe da ciki? Na ce wannan ƙofar marowaci ce, kuma ba za a ga gorana da ita ba. Na fafe musu ƙofofi zagayayyu, manya kamar bakin ludayi. Kwalin kuma na tura shi ƙarƙashin ƙafar teburinmu da ke rawa, ya samu aikin da ya dace da shi. Ɗana ya shafa musu farin fenti don kada rana ta dafa ’ya’yan, muka huda ƙasa don ruwa ya zube.

A makon aka yi wani suna a ginin, ni kuwa ban bar kunne ɗaya bai ji ba. Na ce duk New York ba gora irin nawa, Turawa ma ni suke jira. Akwai wata maƙwabciyata ’yar Kano mai bakin tsiya, ta ce, "Hajiya ta zo Amurka ta zama mai gidajen haya. Allah ya sa mu ma a ba mu ɗaki ɗaya." Na ce ta jira ta gani.

Da muka kai wa dattijon, ya rungume gora ɗaya kamar jariri, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya kira sauran su gani. Sai idonsa ya sauka a kan ƙofar. Ya cire malafa ya sosa kai. Ya ce wannan ƙofa, Ɗan Ƙwace zai shiga har da kayansa.

Na ce, "Gaya masa na girme shi a harkar gora."

Ta gaya masa, ya amsa, ta juyo tana danne dariya. "Ya ce gaskiya ne kwaraa. Amma shi ma ya girme ka a harkar tsuntsu."

Na kafe. Da ya ga tsohuwa ba za ta motsa ba, sai ya ba ni sanda guda can gefe, ni kaɗai. Amma da sharaɗi: in Ɗan Ƙwace ya zauna a ciki za a sauke su, don daga nan zai riƙa kai wa maƙwabta hari. Na ce na yarda, ina murmushi irin na wadda ta riga ta ci.

Da aka ce tsattsewa ta fara dawowa, ban je ni kaɗai ba. Na kwashi mata cikin bas har da ’yar Kano, da ƙosai a kula da shayi a fulas. Tun daga nesa na hango baƙaƙen tsuntsaye suna shiga gorunana da ciyawa a baki, duk shidan! Na ajiye kula na rangaɗa guɗa wadda tun barina gida ban yi irinta ba. Na ce, "Ku duba! Ku duba da idonku! Na robar can ko rabi ba su cika ba!"

Sai ga dattijon ya taho, ba dariya a fuskarsa. Ya miƙo mini abin hangen nesa ya nuna. Na kafa a ido. Baki rawaya. Jiki ɗigo-ɗigo. Wutsiya guntuwa. Ko kafin in sauke abin, wata tsattsewa ta gaske ta zo ta maƙale a bakin gorana tana leƙe, baiwar Allah, tana neman ɗaki. Ɗan Ƙwace ya fito daga ciki kamar an harbo shi, ya cafke ta, suka rikito ƙasa tare yana saran kanta. Na yi kansu da mayafi ina ihu. Ta samu ta kuɓuce ta tashi a karkace, ta bar gashinta a ciyawa.

Sai ’yar Kano ta ce a hankali, "Hajiya, ashe ɓarawo kika gina wa ɗaki, har da fenti."

Ranar farko ke nan a rayuwata da aka gaya mini magana ban mayar ba. Dattijon ya sauke sandar, ya zazzage tarkacen da suka cusa, ya kwance gorunan ya sa mini a jaka da hannu biyu. Ya ce kada in damu, in sake shukawa, baɗi ma rana ce. Na ce wa ƙawata ta tambaye shi wa ya ba shi tabbacin ina nan baɗi. Sai ya ce to, akwai sauran dama kaɗan. Waɗanda suka iso yanzu manya ne masu tsofaffin ɗakunansu. Waɗanda aka ƙyanƙyashe bara, angwaye da amare masu neman sabon ɗaki, suna tafe a baya da ’yan makonni.

A bas ba wanda ya ci ƙosai sai ’yar Kano.

Na zo gida na jera su a gabana. Ƙofar da aka fafe ba ta komawa, amma ni ’yar gyartai ce, na san abin da ya yi faɗi ana yi masa faci. Sakaina nake buƙata. Na yi tunanin fasa ɗaya cikin shidan, sai dai duman ƙasar nan ba shi da kauri, wancan ɗan banza zai iya faɗaɗa ƙofar da bakinsa. Ƙofa tana son tsohuwar ƙwarya mai tauri kamar ƙashi. Ɗana ya kawo mini wata daga shago a Highbridge, ta ado ce, ina sa basilla ta tsage kamar ɓawon ƙwai. Na ɗaga kai na dubi saman firji, inda ƙwaryar furata take.

Na dama fura a cikinta na shanye tas. Na wanke ta, na bar ta ta bushe, na ce ɗana ya miƙo mini ƙaramin zarto.

Ya ce, "Inna, ta Kaka ce fa!"

Na ce, "Na fi ka sanin ta wace ce. Kakarka ta zana ta don a yi aiki da ita. Ɗaga mini teburin nan."

Ya ɗaga, na zaro kwalin, tebur ya koma rawarsa har shayi ya zube. Na yi bisimilla na raba ƙwaryar gida shida. Yankan farko bai zo mini da sauƙi ba. Amma da na ɗora kwalin na fitar da jinjirin wata na farko, na huda gefe-gefe da basilla, na fara ɗinki da zaren kamun kifi, sai hannun ya tuna komai da kansa. Ɗinkin mahaifina ne sak, ƙanana a jere kamar haƙoran yaro. Na hana a shafa wa facin fenti. Kowane gora fari, ƙofarsa ja, da zanen mahaifiyata a kai.

Dattijon ya gwada kwalinsa a ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ce wata kalma da ba ta buƙatar fassara. Aka ja igiya gorunana suka koma sama.

Wa kuke tsammani ya fara zuwa? Shi, Ɗan Ƙwace! Ya sauka da isa kamar mai dawowa daga kasuwa, ya cusa kai, kafaɗa ta ce ba da ita ba. Ya ja baya ya sake gwadawa. Ya koma na biyu, ya koma na uku. Ina ƙasa na riƙe ƙugu ina ce masa, "Shiga mana! Ba gidan ubanka ba ne? Shiga in gani, mai baki kamar an tsoma a manja!" Ƙawata ta zauna a ƙasa don dariya.

Daga nan kuma sai shiru. Ɓarawo bai shiga ba, amma mai gida ma bai zo ba. Na koyi bas ɗin da kaina, na san direba ya san ni, kullum in je in zauna a benci da carbina. Gorunana na lilo a iska ba kowa. Har na fara cewa ko warin fura suke ji.

Wata safiya sai ga biyu sun zo suna zagaye sandata suna surutu. Macen, mai farin ƙirji, ta sauka a bakin gora na sama. Ta leƙa. Ta ja baya. Ta dubi mijin kamar tana cewa, nan ka kawo ni? Na daina jan carbi. Sai ta kwantar da jiki ta sulale ciki, sul, kamar an zuba mai. Can sai ga kanta ya leƙo ta cikin zanen mahaifiyata tana kallon teku.

Guɗar da na yi, masu kamun kifi can bakin ruwa sai da suka juyo. Na tare wata mata mai yawo da kare na ba ta wayata na nuna mata hoton ’yar Kano, ta danna mini. Na juya wayar sama na ce, "Duba bakin tsuntsun nan da kyau ki gaya mini launinsa!" Ta ce, "To Hajiya, na ji, na gani, ki bar ni in gama wanka."

Kafin wata ya ƙare huɗu cikin shidan sun samu masu ɗaki. Ranar da aka sauke sandar don dubawa, dattijon ya matsa gefe ya ce ni zan fara leƙawa. Ƙwai farare ƙal, a kwance kan ganye. Daga baya suka ƙyanƙyashe, ’ya’ya tsirara, munana, duk baki. Ban taɓa ganin abin da ya kai su kyau ba.

Yanzu duk shekara ina shuka duma, kuma mata uku daga ginin nan suna bina gayyar, har da mai bakin tsiyar. Mu muka kai musu tuwo, ganga ce dai har yau ba su yarda ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, ni na fafe ƙofa daidai girman zuciyata, ban tsaya na dubi wanda zai kwana a ɗakin ba, da wanda ke bin sa a baya. Har gobe in na kalli ƙofar nan ina ganin ta yi ƙanƙanta, ban fasa faɗa ba, kuma dattijon ya gaji da amsa mini. Amma da kwalin nake yanka.

Gorunan farko sun tsufa an sauke su, sai dai ƙofofin ba abin da ya same su. Duk shekara nakan warware ɗinkin in mayar da su jikin sabon gora. Tsuntsun da ya je Brazil ya dawo, ta hannun mahaifiyata yake shiga ɗakinsa, matar da ko Yamai ba ta taɓa zuwa ba.

Furata kuwa, ga ta nan gefena tana jira mu gama. A roba.